TASKAR FASAHA: Tubali Da Gizago, Da Sunayen Da Ke Neman Ɓacewa

Duk wanda ya san Jalingo kafin shekarar 1991, in ya komo yau sai ya nemi ɗan jagora. Ran 27 ga Agusta na wannan shekara ne Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, ta mai da Jalingo hedkwata, tun daga ranar kuwa garin bai daina bunƙasa ba. Unguwanni sun tsallake Mayo Gwoi da Lamurde, gonakin jiya sun zama fulotai, fulotan sun zama gidaje. Sai dai in mutum ya bi sababbin gidajen nan da kallo, bulo da siminti da kwano kaɗai zai gani, irin waɗanda zai tarar a Lakwaja ko Fatakwal, babu abin da zai shaida masa ƙasar da yake tsaye a kanta.

Ci gaba abin so ne, ba mai ƙinsa. Amma akwai wata hasara da ke biye da shi a ɓoye, watau hasarar kalmomi. Yaron makaranta na yau ya san linta da rodi da kankare, amma in aka tambaye shi azara, ko makuba, ko bakan gizo, sai ya yi zuru. Alhali kuwa kowace ɗaya daga cikin kalmomin nan rumbu ce da aka zuba wata dabara a ciki, wadda kakanni suka daɗe suna gwadawa kafin ta zauna. Ranar da sunan ya fita daga bakin mutane, dabarar ta kama hanyar kabari, domin abin da ba a san sunansa ba, ba a tambayar yadda ake yinsa, balle a san darajarsa.

Jalingo wuri ne da ya dace a yi wannan magana a kansa. Masarautar Muri ta kafu a 1817 a hannun Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, tana ƙarƙashin tutar Sakkwato. A 1892 Lamiɗo Muhammadu Nya ya sami taimakon wani hafsan Faransa, Laftana Mizon, wanda ya hauro Binuwai da igwa, aka yaƙi garin Kona na Jukunawa. A 1893 sansanin yaƙin Lamiɗo ya zama gari, aka sa masa suna Jalingo, daga kalmar Fillanci mai nufin rinjaye. Ta haka garin ya tashi a mahaɗar gado biyu. Ɗaya shi ne ginin birni irin na masarautun Arewa, ɗaya kuma shi ne sassaƙar itace ta mutanen Mumuye da ke duwatsun Yorro da Zing, gabas da garin.

Masana tarihin fasaha sun raba aikin hannu gida biyu. Akwai aikin ƙari, inda gwani ke ɗora abu bisa abu har siffa ta fito, kamar magini da mai ginin tukwane. Akwai kuma aikin ragi, inda gwani ke cirewa daga gungume ko dutse har abin da yake nema ya saura, kamar masassaƙi. Gadon Jalingo na farko aikin ƙari ne, na biyu aikin ragi. Bari a fara da magini.

Ƙasa da tubali

Ginin Hausa daga kududdufi yake farawa. Can ake haƙo ƙasar gini, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, sa'an nan a bar ta kwana da kwanaki ta ruɓa. Ciyawar ita ke hana ƙasar tsagewa in ta bushe, ruɓawar kuwa ita ke ba ta danƙo. Daga wannan kwaɓi ake cura tubali da hannu, ba da akwati ba, gindinsa da faɗi, kansa da tsini, a jera a rana har ya bushe ƙarau. Shi ya sa rani ne lokacin gini.

Wajen ɗora bango, magini kan jera tubala tsaye, kawunansu na duban sama, ya cike tsakaninsu da ɗanyar ƙasa, ya ɗora wani layi. Gindin bango yakan ci tubala da yawa a faɗi, yana tafiya sama yana sirancewa. Wannan ne sirrin ɗan karkacewar nan da ke sa tsohon soro ya yi kama da abin da ya tsiro daga ƙasa. Nauyin yana ƙasa, saboda haka bangon yana riƙe da kansa. Ba a kafa katakon hawa, magini a kan bangon yake zama kamar mahayi, yara na jefa masa tubali da curin ƙasa yana cafewa. Kaurin bangon kuma shi ke tare zafin rana, ba ya ƙarasawa ciki sai dare ya yi, lokacin da ake bukatarsa. Wanda ya taɓa yin ƙailula a soro cikin watan Afrilu, ya kuma yi ta a ɗakin kwano, ba ya bukatar ƙarin bayani.

Tsarin gidan ma yana da sunayensa. Zaure shi ne fuskar gida, nan mai gida ke karɓar baƙi, nan malami ke ba da karatu, nan maɗinki ke aiki. Daga shi sai ƙofar gida, filin da samari da baƙi ke kwana, sai shigifa, wadda baƙon namiji ba ya wuce ta, sa'an nan cikin gida da ɗakunan mata da turakar mai gida. Ba a saita ƙofofin a layi ɗaya, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. Ke nan ladabin addini da na al'ada an gina shi cikin bangon kansa.

Azara da bakan gizo

Matsalar magini a ko'ina cikin duniya ɗaya ce: yaya za a rufe sarari mai faɗi ba tare da rufin ya faɗo ba? Amsar Bahaushe ta fara daga giginya. Ana faskara gangar jikin giginya a tsaye, a fitar da sanduna masu ƙarfi waɗanda gara ba ta cika cin su ba, su ne azara. Amma azara tana da iyaka. In aka shimfiɗa ta aka ɗora mata nauyin ƙasa, abin da za ta iya tsallakewa bai wuce kamar ƙafa 6 ba. Shi ya sa ƙananan ɗakunan soro suke da tsawo amma ba su da faɗi.

Don a wuce wannan iyaka sai magina suka ƙago tauyi, watau azarorin da ake turowa daga saman bango su zama kafaɗa, a ɗora wasu a kansu. Wani lokaci kuma a gicciya azara a kusurwoyin ɗaki, a rage faɗin sararin kaɗan kaɗan har ya rufu. In ɗakin ya fi haka girma sai a tsai da ginshiƙi a tsakiya. Amma gwanintar da ta ɗaga ginin Hausa sama da na maƙwabta ita ce bakan gizo.

Ga yadda ake yinsa. Daga jikin bango, daidai kafaɗar mutum ko sama kaɗan, magini zai dasa damin azara yana duban sama, ya ɗan karkato shi ciki, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe da ƙasa, ya bar shi ya bushe. Sa'an nan ya ɗaura wani dami a kan na farko, wanda ya fi shi karkata. Haka zai yi ta yi daki-daki, abokin aikinsa na yin irin haka daga ɗaya bangon, har hannuwan biyu su haɗu a sama a ɗaure su. Kowane rabi ana kiransa ƙafa, kuma da yawan ƙafafu ake auna darajar soro. In bakuna biyu suka gicciya juna a tsakiya, an sami ɗaurin guga, domin ya yi kama da sandunan da ake gicciyawa a bakin gugar rijiya. A kan bakunan ake jera gajerun azarori, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa. In rufin ya yi tozo ya zama ƙubba, shi ne tulluwa. Da wannan dabara ɗaki yakan ninka faɗin azara sau uku ko fiye, babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya.

Yana da kyau a gwada wannan da abin da aka sani a wasu ƙasashe. Bakan Rumawa da duwatsu ake yinsa, kowane dutse an sassaƙe shi kamar weji, suna danne juna, kuma tilas a kafa gadon katako a ƙarƙashi har a sa dutsen ƙarshe na tsakiya. Bakan gizo ba ya bukatar gadon katako, domin kowace gaɓa tana riƙe da kanta tun kafin ta haɗu da 'yar'uwarta. Ƙasa tana ɗaukar danniya, azara tana ɗaukar ja. Wannan shi ne ainihin hikimar kankare mai rodi, wanda Turawa ba su fara aiki da shi ba sai a ƙarni na 19. Saboda haka mai cewa ginin ƙasa ginin jahilci ne, kansa ya tona wa asiri.

Babban Gwani

Tarihin ginin Hausa yana da tsawo. An fara ganuwar Kano a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), Gidan Rumfa ya samo asali daga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a Katsina. Amma in ana maganar bakan gizo, suna ɗaya ne ke gaba, shi ne Muhammadu Durugu, wanda aka yi wa laƙabi da Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), da zaurukansa na shiga da ɗakin shari'arsa. A cikinsa bakuna na tashi daga manyan ginshiƙai suna rarrabuwa kamar rassan itace, jikin ginshiƙan kuma an yi masa zane mai zurfi, layi bisa layi, babu fenti mai ƙyalli, haske da inuwa kaɗai ke fito da shi. Ana danganta masa wasu gine-gine a fadar Bauci, da kuma Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Har yau akwai unguwar Babban Gwani a birnin Zariya. Labarin baka ya ce a Birnin Gwari ya gamu da ajalinsa, wai an kashe shi don kada ya gina wa wani sarki abin da ya fi wanda ya gina a can. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya nuna matsayin da magini yake da shi a idon mutanen da.

Abin da ya sami masallacin nan darasi ne. Cikin shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon ginin siminti, aka rasa kamanninsa na waje, abin da ya tsira na tsohon ginin ya koma ciki. Sa'ar da aka yi ita ce wani masanin gini mutumin Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ya zana, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Littafinsa mai juzu'i uku kan ginin gargajiyar Nijeriya ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Ba don awo da rubutu ba, da yanzu sai dai a ce an ce.

Kariya da ado

Babban abokin gabar ginin ƙasa shi ne ruwa, kuma yawancin abin da ake ɗauka ado ne, asalinsa makami ne na yaƙi da ruwa. Rawani, watau ɗan bangon da ke kewaye rufi, yana tattara ruwan sama ya kai shi indararo, indararo ya watsa shi nesa da gindin bango. Zankwaye, tsinayen nan da ke kusurwoyin soro, suna danne kusurwa da nauyinsu, su ne kuma ke fara shan dukan ruwa kafin ya kai ga bango, magina kuma kan rataya igiya a jikinsu lokacin yaɓe. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, da ruwanta kuma mata ke yin daɓe. Laso ya fi ta ƙarfi. Ana haɗa shi da katsi, watau guggubin da ake kwasowa daga karofi a ƙone, da gashin jima daga majema, da dafara mai yauƙi. A dubi wannan haɗi da kyau: sharar marini da sharar majemi su ne simintin magini. Da karofi ta mutu a gari, laso ya bi ta.

Adon bango kuwa hanya uku ake yinsa. Ko a cura shi da hannu a kan ɗanyen yaɓe ya taso, ko a yanka shi da wuƙa cikin yaɓen kafin ya bushe, ko a zana shi da launi a kan farar ƙasa. Fitaccen zane shi ne dagi, ƙullin nan da ba a gane farkonsa balle ƙarshensa, wanda ake gani a wuyan babbar riga da jikin fata, har ya zama tambarin Arewa.

Da ado ake gane zamanin gini. A ƙarni na 19, bayan jihadi, ado ya fi yawa a ciki, a fada da masallaci, waje kuwa a bar shi fili. A zamanin Turawa, da kuɗin gyada da auduga suka shigo hannun 'yan kasuwa, sai ado ya fito waje ya mamaye fuskar zaure, har aka riƙa zana keke da agogo da mota da jirgin sama, don mai wucewa ya san mai gida ya samu. A. H. M. Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi kan irin waɗannan gidaje na Zariya a 1963. Daga baya aka koma yanka zane a jikin siminti ana cike shi da fenti. Daga nan sai kwano ya hau kan soro, zanko ya rasa wurin zama.

Ba ko'ina soro ya dace ba, kuma nan ne ƙasar Muri ta bambanta. Damina a Jalingo takan fara tun Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ta Kano da Katsina tsawo. A irin wannan ƙasa ɗakin da ya fi jure ruwa shi ne kewayayyen ɗaki mai jinka, wanda ake ɗaura masa tsaiko a ƙasa, a ɗaga a ɗora, a baibaye da shuci, bakin jinkar ya sauko ya yi wa bango laima. Wannan ma salo ne mai ƙa'idodinsa, kuma Mumuye da Jukunawa da Fulani kowa yana da nasa sunayen na kowace sanda da kowane ɗauri. Littattafai sun kula da fada da masallaci, sun yi wa ɗakin talaka rowar tawada.

Gizagon Mumuye

Yanzu sai aikin ragi. A kasuwa an san Mumuye da doyar Zing, amma a gidajen tarihi na duniya da sassaƙa aka san su. Masassaƙinsu kan ɗauki gungume guda, ya fitar da mutum-mutumi da gizago da wuƙa, babu haɗi babu ƙusa. Waɗansu ba su fi kamu biyu ba, waɗansu sun kusa tsayin mutum. Masu duba da masu magani da masu roƙon ruwa su ne ke ajiye su a da, bisa ga addininsu na gargajiya. Ba wannan ne abin da filin nan ke dubawa ba. Abin dubawa shi ne aikin hannun.

Alamomin salon a bayyane suke. Kai ƙarami ne, sau da yawa da tukku ko zanko a bisansa. Kunnuwa manya ne, wani lokaci da huda mai faɗi, irin wadda matansu ke yi a da. Wuya da gangar jiki dogaye, ƙafafu gajeru masu gaɓa-gaɓa. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne hannuwa. Sukan sauko daga kafaɗa kamar ɗamara, su karkato gaba su kewaye jiki ba tare da sun taɓa shi ba. Tsakanin hannu da jiki akwai sarari, kuma sararin nan da gangan aka sassaƙa shi, yana da siffarsa kamar yadda itacen yake da tasa. Masana suna kiran wannan sararin da aka bari, suna lissafa shi cikin aikin. Nan ne magini da masassaƙi suka haɗu: Babban Gwani ya ɗora ƙasa don ya sami sarari a ƙarƙashin baka, masassaƙin Mumuye ya cire itace don ya sami sarari a ƙarƙashin hannu.

Akwai wata kalma kuma da ta kamata a sani, ita ce taƙaita siffa. Masassaƙin bai nufi ya kwaikwayi mutum kamar hoto ba. Ya zaɓi abin da yake so ya faɗa, ya tsawaita shi, ya zubar da saura. Wanda bai san haka ba sai ya ce an kasa ne. Amma Henry Moore, wanda ya zama babban masassaƙin Ingila a ƙarni na 20, tun yana ɗalibi cikin shekarun 1920 ya zauna a gidan tarihin Biritaniya da ke Landan ya zana wani mutum-mutumin Mumuye cikin littafinsa, daga baya kuma ya yaba yadda hannuwan suka rabu da jiki suka kuma rungume shi. Ramukan da ya shahara da su a nasa aikin suna da dangantaka da irin wannan kallo.

Duk da haka, kafin ƙarshen shekarun 1960 kaɗan ne daga cikin sassaƙen nan suka fita waje, har ma akan ɗauke su a matsayin na Chamba. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, dillalai suka yi ta kwasarsu ta kan iyakar Kamaru zuwa kasuwannin Faris da Burasal, ko da yake tun 1953 akwai dokar da ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Wani masani Ba'amurke, Arnold Rubin, ya zagaya ƙasashen Binuwai cikin waɗannan shekaru yana ɗaukar hoto yana rubutu, kuma a kan aikinsa aka gina babban baje kolin fasahar kwarin Binuwai da aka buɗe a gidan tarihin Fowler na Amurka a 2011, wanda daga baya ya je Washintan da Faris. Ke nan ɗan Yorro da ke son ganin mafi kyawun aikin kakanninsa, sai ya nemi biza. Yawancin sassaƙen kuma sun tafi ba sunan wanda ya yi su, ba sunan ƙauyen da suka fito. An san Babban Gwani da sunansa, gwanayen Mumuye kuwa akasarinsu an bar su a "wani masassaƙi".

Abin yi

Gaskiya ɗaya ce, ginin ƙasa yana da wahalarsa. Yana son yaɓe a kai a kai, in aka yi sakaci damina ɗaya ta isa ta kayar da bango a kan masu barci. Giginya ta yi ƙaranci, filin birni ya yi tsada, 'ya'yan magina sun koma wasu sana'o'i. Shafa siminti a kan bangon ƙasa kuma ba magani ba ne, domin yakan tsare danshi a ciki, ya ɓamɓare, ya bar bangon ya fi da rauni. Ba mai hankalin da zai ce a rushe bulo a koma kududdufi.

Amma maƙwabta sun nuna akwai hanya ta uku. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, ya fara masallacin ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa baka da ƙubba da hasumiyoyi, har ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, can Nijar ɗin, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. A 2022 Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara suna da makarantar ƙasa da ya gina a ƙauyensu Gando, ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fagen gini. Dukansu sun san sunayen tsofaffin dabaru, shi ya sa suka iya zaɓen abin ɗauka da abin bari.

Saboda haka matakin farko ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a Jalingo a 2008, da Kwalejin Ilmi ta Zing, suna da ɗaliban da ke jin Hausa da Fillanci da Mumuye da Jukun. A tura su wurin tsofaffin magina da masu baibaya da masassaƙa da masu zanen ƙwarya, su rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane mataki, su ɗauki hoto da murya, su kuma rubuta sunan gwanin da na wanda ya koya masa. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, ta haɗa kai da masarautu a auna tsofaffin zauruka da soraye a zana su tun suna tsaye. Jamus ta fara mayar wa Nijeriya da tagullan Binin a 2022, kuma duk wanda zai nemi a mayar masa da nasa, tilas ya iya faɗin sunansa da asalinsa, ya kuma tanadi inda zai ajiye shi. Malaman firamare su sa kalmomin nan cikin darasin Hausa da na sana'a. Manoma kuma su dasa giginya da ɗorawa, ko da jikoki ne za su ci moriyarsu.

Mai kuɗin da zai gina gida a Jalingo ko Kano ko Gusau, ba laifi ya tambayi mai zanen gidansa ko za a iya yi masa zaure mai ɗaurin guga, ko da sauran gidan na bulo ne. Tambayar kaɗai za ta sa a nemo wanda ya iya, in an nemo shi kuwa zai ɗauki yaro ya koya masa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsofaffin da suka san sunayen nan suna nan da sauransu, amma kowace shekara raguwa suke yi. Allah ya sa a farga tun suna da rai.